Zaurenmu a Cikin Kwamfuta

Ƙauyenmu yana tsakanin Zurmi da Moriki, sai an ɗan ratse daga titi. Can aka kai ni aure, can na haifi 'ya'yana, can kuma aka binne Malam, mahaifinsu, bayan wani ciwon ƙirji da ya kama shi da damina. Manomi ne, gero da dawa, ba makaɗi ba. Amma yana da molo da yake ratayewa a jikin azarar zaure. Idan ya dawo daga gona ya watsa ruwa ya sallaci la'asar, sai ya shimfiɗa buzu ya jingina da bango ya ɗan taɓa. Ba ya waƙa, ba ya roƙon kowa. Kiɗa guda yake maimaitawa, wanda ke hawa a hankali kamar mai hawan tudu da kaya a ka, ya tsaya ya huta, sannan ya gangaro. Ɗanmu na fari yakan zauna kusa da gwiwarsa. Ni kuwa a wannan lokaci ina cikin gida, bakin murhu, ina tuƙa tuwo.

Ba a daɗe da rasuwarsa ba mutanen daji suka matsa mana. Tun ana kwana a gida ana yini a gona, har aka koma ba gonar ba kwanan. Muka kwashe abin da ya kwasu muka dawo Kaura Namoda, muka kama haya a wani gida can wajen tashar jirgi, ginin bulo, rufin kwano. Molon bai iso da rai ba. A cikin mota buhun dawa ya danne shi, kokon ya fashe, fatar ta yage. Na ajiye sandar a ƙarƙashin gado, ban san dalili ba.

Ɗan nan nawa, da yake na fari ne, ba na kiran sunansa, kuma ba mu saba doguwar hira ba. Idan ina da magana nakan faɗa wa ƙanwarsa, autata, ko da yana zaune a wurin. A Kaura ya zama saurayi sosai, ya samu aiki a wani shago da ake gyaran waya ana zuba wa mutane waƙoƙi. A nan ya haɗu da wani mutumin kudu mai kaɗa jita a majami'arsu, shi ya koya masa riƙo. Wata rana sai ga shi ya shigo da jita ja, ta hannu, irin mai aiki da lantarki. Da ya kaɗa ta haka nan ba a jona ta da komai ba, ƙararta ba ta fi ta sauro ba. Ƙanwar ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ya yi mana bayani, yana kallon ƙanwar amma da ni yake. Ya ce masu kiɗan jita na gaske suna da wani babban akwati da ke ba ta murya, da ƙananan akwatunan ƙarfe da ake jerawa a ƙasa ana takawa, kowanne da irin launin da yake sa wa sauti. Shi ba shi da ko ɗaya, kuma ba ya sa ran samu. Abin da yake da shi wata tsohuwar kwamfuta ce ta ɗorawa a cinya, mai tsagaggen gefe, da wani ɗan akwati da bai wuce sandar sabulu ba. Waya ta fito daga jita ta shiga ɗan akwatin, daga shi ta shiga kwamfuta, daga can kuma ta fita zuwa lasifika. A fuskar kwamfutar sai ga hotunan waɗancan akwatuna duka a jere, da maɓallansu na murɗawa. Ya ce ƙananan manhajoji ne da ake cusawa cikin babba, fulogin yake ce musu, kuma kowanne yana aikin na ƙarfen.

"Abin da wasu ka ɗaukowa da mota," in ji shi, "ni ga jakata yake."

Da haka ya fara zuwa wuraren biki da suna. Ran da na fara ganinsa yana kiɗa a bainar jama'a, bikin 'yar maƙwabtanmu ne. Ya ɗora kwamfutar kan kujerar roba, rana ta juyo ta same ta, ta yi zafi ta fara in'ina. Sai ya taɓa tsirkiya, sautin ya makara ya biyo daga baya, kamar yaron da aka kira yana wasa. Na ga gumi yana bin wuyansa. Daga inda nake cikin mata na miƙa wa ƙanwarsa faifai, ta je ta tsaya tana yi wa kwamfuta fifita kamar amarya, mutane na dariya. Daga ranar ya koyi abubuwa da yawa. Ya koyi neman inuwa tun kafin ya nemi inda zai tsaya. Ya koyi cire ta daga wutar janareta kafin ya fara, don idan injin ya canja murya sai wani gurnani ya shiga lasifika. Ya koyi rufe duk wani abu da ke cikinta in ban da na kiɗan. Ya kuma sayi wani ɗan faranti mai maɓallai da ake takawa da ƙafa, don kada ya riƙa sunkuyawa: in ya taka wannan jitar ta yi kaushi, in ya taka wancan ta yi laushi kamar ruwa na zuba a randa, wani kuma ta ja dogon kuka kamar kukuma.

Akwai masu cewa, "Ai kwamfutar ka kiɗin, shi dai shina shafa waya." In ya ji haka sai ya ɗaga hannayensa sama duka biyu, wuri ya yi tsit, ya dube su, sannan ya ci gaba.

Wata la'asar ina tsince wake a ƙofar ɗaki, sai na ji kiɗan da na sani yana fitowa daga ƙaramar lasifikarsa. Ya cusa wani ƙyalle a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya zaɓi muryar da ta bushe kamar ta molo. Ya hau tudun, ya huta inda uban yake hutawa, ya gangaro. Ban ɗaga kai ba.

Da ya gama ya ce wa ƙanwar, "Tambayi Inna ko hakanga yake."

Na ce, "Hannun ya yi daidai."

"Amma?"

"Amma ba shi ba ne."

Bai ji haushi ba. Ya koma ya murɗa wannan ya rage wancan. Haka muka yi ta yi har aka girbe gero aka shiga rani. Duk ran da ya dawo da wuri sai ya kaɗa, ni kuma in girgiza kai. Ya ƙara kauri, na ce a'a. Ya rage kaifi, na ce ya matso amma bai iso ba. Ba don in wahalar da shi ba ne. Ni kaina ban san abin da nake nema ba, na dai san babu shi, kamar yadda mace takan ɗanɗana miya ta san da saura tun kafin ta gane ko gishiri ne ko daddawa.

Sai wata rana maganar ta zo bakina da kanta. Na ce, "Na Malam ba ya ƙarewa inda ya saki tsirkiya. Akwai abin da ke biyo shi baya, kamar wani na amsa mai a hankali."

Ya ajiye jitar kan cinya. A karon farko ya dube ni kai tsaye.

"Zauren ne, Inna. Ba molon kike nema ba. Ɗakin ne."

Ya ce kowane ɗaki yana da yadda yake mayar da sauti, gwargwadon faɗinsa da bangonsa da rufinsa. Kuma akwai wani fulogin da ake iya ba shi ɗaki. Mutum ya shiga, ya sa waya ta ɗauki sauti, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya yi shiru har amon ya mutu. In aka zuba wannan tafin a kwamfuta, duk abin da aka kaɗa zai fito kamar a cikin ɗakin aka kaɗa shi. Na ce ikon Allah, na ci gaba da abin da nake yi, amma ranar na kasa cin tuwo sosai.

Ya shiga neman zaure irin namu. Ya bi tsofaffin unguwannin Kaura yana sallama yana roƙon a ba shi aron zaure na ɗan lokaci. Ya je Banga wurin dangin ubansa, inda wani tsoho ya kalle shi yana tafi shi kaɗai a tsakar ɗaki ya ce, "Yaro, korar aljanu kakai ko kiran su?" Ya je Shinkafi gidan yayana ya yi. Duk wanda ya kawo sai ya zuba, ya saƙala mini abin ji a kunne, ya kaɗa. Wani ya cika girma kamar masallacin Juma'a. Wani amonsa gajere ne, an shafe bangon da siminti. Akwai wanda ya kusa har gabana ya faɗi, amma da ya kai wurin gangarowa sai na ji gidan wasu ne.

Ana cikin haka, zafin bazara ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ƙanin maigidana ya zo gaishe mu. Shi a Zurmi ya zauna bayan tashinmu, kuma tun ina amarya muke wasa da shi, matata yake ce mini. Ya ce hanya ta ɗan lafa kwanakin nan, mutanen ƙauyenmu sun haɗa mota za su shiga da safe su ciro ƙofofi da kwanon rufi su fito kafin azahar. Ya ce wanda ya leƙa ya gaya masa soron zaurenmu ya tsage tun daga tsakiya, don tun tashinmu ba wanda ya yi masa yaɓe.

"Ruwan farko mai ƙarfi zai kwanta," in ji shi. "Ba ya ganin kaka."

Ɗana yana bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Baffa, da ni za a."

Ban taɓa katse shi a gaban mutane ba sai ranar. Na ce, "Ba za ka ba."

"Inna, tafi ɗaya ne. In shiga in fito."

"Samari suke ɗauka. Saurayi da jaka a baya, da waya mai tsada a hannu. Ba za ka ba."

"To shi ke nan, ya faɗi ke nan, ba mu da shi."

Na kalli tabarma. Sannan na ce, "Ni zan je. Ba mai kallon tsohuwa."

Ya ce sam, wannan ba abin da za a sa rai a kansa ba ne, shi ya haƙura, kiɗa ne kawai. Na ce akwai mata cikin masu tafiyar, kuma ina da dutsen niƙa da na bari. Ya san ba dutsen niƙa ba ne. Baffan nasa ya dube ni ya dube shi, ya ce, "Bar ta. Wagga tun tana amarya in ta yi magana a hankali, to an gama."

Kwanakin da suka rage koyon tafi na yi. Ya nuna mini jan maɓallin da zan danna a wayarsa, ya sa na danna na kashe har hannuna ya saba. Ya ce in ajiye ta a tsakiyar zaure kan wani abu mai ɗan tudu, in ja baya, in tabbata ba mai motsi, in tafa, kada in yi ko tari sai amon ya ɗauke. Tafin nawa ne ya ƙi. Na saba da tafin mata, mai taushi, na raka waƙa. Shi kuwa so yake ya fashe kamar an karya kara. Autata tana gefe tana cewa, "Inna, sauro kika kashe?" Sai da ya koya mini in ɗan lanƙwasa tafin hannuna, sannan ya ce to, zai yi.

Mun tashi da sassafe a akori-kura daga Zurmi, inda na kwana. Na ƙulle wayar a gefen zane na tura ciki. Tun da muka bar kwalta ba wanda ya ƙara magana. Gonakin da na san masu su ɗaya bayan ɗaya duk sabara ta cinye, ba kunyar noma ko guda. Da muka shiga gari kowa ya sauka ya nufi gidansa da sauri, ba a ko jira juna ba.

Na tsaya a ƙofar zaurenmu na yi sallama. Na san ba kowa, bakina ne ya yi. Ciki ya yi duhu da sanyi kamar da, sai dai wani siririn haske da ke saukowa ta tsagar soro ya kwanta a kan daɓe. Zanzaro ya yi gidaje a jikin azara, har kan ƙusar da ake rataye molo. Na samu wani tsohon akushi na kife, na ɗora wayar, na danna ja. Na ja baya na tafa.

Ƙanin maigidana yana waje da guduma a hannu, ya leƙo.

"Matata, ashe gaɗa kika zo yi? Da kin faɗa mini in kira 'yammata."

Na ce, "Ka ɓata mini. Fita ka yi shiru, ko numfashi ban yarda ba."

"Yaya ya bar mini gado mai faɗa," in ji shi, amma ya fita.

Na sake. Wannan karon ya fashe yadda ake so, na ji amon ya zagaya soron ya sauko ya mutu. Na kashe wayar. Aikin da na zo yi ya yiwu. Amma ina tsaye a wurin ban ji komai a jikina ba. Amo ne mai kyau, na ɗaki mai kauri, sai dai bai taɓa ni ba, kamar na gaida wani da na ɗauka na sani ya juyo na ga baƙo. Na ce a raina wataƙila ba zauren ba ne, wataƙila abin da nake nema yana ƙarƙashin ƙasa tare da mai shi, na wahalar da yaro a banza.

Na bar wa ƙanin maigidana zauren ya ciri ƙofarsa, na bi ta bayan ɗan bangon da ke kare cikin gida daga idon baƙi, na shiga tsakar gida. Ciyawa ta bushe a tsaye har gwiwa. Rumbu a buɗe, ba komai. Rufin madafa ya zube, amma duwatsun murhuna suna nan inda na bar su, da baƙinsu. Na tsuguna a inda kujerata take zama, bayana yana kallon zaure.

Sai ya buga guduma a jikin katakon ƙofa.

Ƙarar ba ta zo mini kai tsaye ba. Ta cika zauren tukuna, ta fito ta ƙofar ciki, ta kewaye ɗan bangon nan, ta tsallako tsakar gida, ta iso kunnena ta baya a gajiye, kaifinta ya zube a hanya, da wata 'yar jela tana biye da ita. Hannuna na dama ya miƙa gefe da kansa, wurin da nake jingine muciya.

Ashe ni ban taɓa jin molon nan a cikin zaure ba. Ina zan ji? Zaure wurin maza ne. Ni ratsa shi kawai nake yi, ran da aka kawo ni da lulluɓi, da ran unguwa ko asibiti, sai kuwa sharar safe kafin kowa ya zauna. Duk shekarun nan daga nan nake jin sa, ta bayan bango, tsakanin hayaƙi da tafasar ruwa. Yaro ya yi ta tsayawa a tsakiyar zaurukan mutane, ni da ɗana ba wanda ya tuna da haka.

Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. "Dakata. Kada ka cire ƙofar tukuna."

"Mi kuma? Direba ya ce ba ya jiran kowa."

"Ajiye gudumar. Je ka zauna inda yayanka ka zama, jikin bangon gabas. In na ce yi, ka tafa hannu sau ɗaya, da ƙarfi."

"Yau ni za a sa gaɗar?"

"Kai dai zauna."

Na ji shi yana jan ƙafa, yana gunaguni, sannan na ji ya yi shiru, shirun da ya fi wanda na roƙa tsawo. Ina jin shi ma ya daɗe bai zauna a wurin ba. Na ɗaga wayar daidai kunnena, na danna ja, na ce yi. Hannunsa na manomi ne, tafin ya fashe kamar bulala. Ya biyo hanyar nan da na sani ya same ni. Na riƙe numfashi har ya ɗauke. A can bakin gari mota ta fara hon.

Mun fito lafiya. Ƙofar tana bayan mota, ni ina zaune a kanta, dutsen niƙan kuwa ban ko tuna da shi ba sai da muka hau kwalta.

Da na iso Kaura na tarar da ɗana a bakin titi, ƙanwar ta ce tun hantsi yake wurin. Ya karɓi ƙullin hannuna ya bi ni a baya. Sai da na sha ruwa na yi sallah sannan ya jona kayansa. Ya ga abu biyu a wayar, ya saurara, ya zaɓi na farko don ya fi fita. Ya yanke shi ya zuba, ya ɗauki jita.

Bai kai rabin tudun ba ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

"Shi ne, Inna," in ji shi. "Wallahi shi ne. Har warin buzun nika ji."

Na ce, "Wannan naka ne. Buɗe na biyun."

"Na biyun bai yi ba. Ya yi nisa, kamar an rufe shi da bargo. Ina kika tsaya?"

"Bakin murhu."

Ya koma kan na biyun. Ya zuba shi. Kafin ya fara na juya tabarmata na ba shi baya, na fuskanci bango. Ya kaɗa. Ba zan iya rubuta abin da na ji ba, karatuna bai kai nan ba. Na dai san la'asar ce, akwai tuwo a wuta, yara suna waje, kuma in an jima za a rataye molo a shigo a tambaye ni ko an gama. Da ya gangaro ya tsaya, ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Can autata ta ce a hankali, "Ya yi?" Na gyaɗa kai, ban juyo ba.

Ya ajiye su duka biyu a kwamfutar, kowanne da maɓallinsa a farantin da yake takawa.

Bayan sallar layya aka yi bikin autata, a Shinkafi, gidan yayana, don can ne muke da fili. Ran wuni aka kafa rumfa a ƙofar gida, wanta, ɗan nawa, shi ne mai kiɗa. Ya nemi inuwa ya ɗora kwamfutarsa kan turmi da aka kife, ya yi wa 'yammata irin nasu suka yi rawa har ƙura ta tashi. Ni uwar amarya ina can gefe cikin manyan mata, ba a son a ga haƙorana. Da rana ta yi sanyi sai ya sassauta, ya cusa ƙyallen nan a ƙarƙashin tsirkiya, ya shiga kiɗan ubansa a cikin zauren ubansa. Tsofaffin da suka san marigayi suka daina hira. Baffansu ya cire hula ya mayar.

Da ya kai wurin hutawa, na ga ƙafarsa ta matsa ta taka ɗaya maɓallin.

Sautin ya ja baya, ya dusashe, ya koma can nesa. Samari suka fara waige. Wani ya ce lasifika ta mutu. Mai haya da kayan sauti ya taso da gudu yana bubbuga akwatinsa yana duba waya. Wata yarinya ta ce, "Ƙara mana murya mana." Shi kuwa bai kula kowa ba, bai kuma dubi inda nake ba, don ya san ba zan so ba. Kansa a ƙasa ya gangaro da shi a hankali har ƙarshe, sannan ya taka ya dawo musu da nasu, rawa ta ci gaba. Mai lasifika ya koma wurinsa yana cewa shi ya gyara. Matar yayana ta taɓa ni ta ce ko hayaƙi ne ya shiga idona. Na ce eh, hayaƙi ne.

Zauren ya faɗi a daminar nan, kamar yadda aka ce. Wanda ya leƙa ya gaya wa baffansu cewa soron ya rufta ciki, bangon gabas kawai ya rage, shi ma ya fara narkewa.

Yanzu ɗana yana Kaduna, wasu masu kiɗa sun ɗauke shi suna yawon bukukuwa da shi. An ce yanzu akwai manyan akwatunan a inda yake, amma har yau da jakarsa yake hawa dandamali. Auta tana ɗakinta. Ni ina nan ƙarƙashin kwano, in aka yi ruwa ba na jin ko sallamar maƙwabta. Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin cewa ɗakin da aka kawo ni amarya ta cikinsa yana rataye a bayan yaro, yana hawa mota yana sauka a garuruwan da ban taɓa gani ba, kuma in kwamfutar nan ta mutu ban san inda zai koma ba. Ya ce ya ajiye shi a wurare da yawa, kada in damu. Ina dai yi mata addu'a tare da shi.

Ran Juma'a bayan la'asar yakan kira. Ba ma doguwar magana, har yanzu ba mu iya ba. Ya tambayi ƙafata, in tambayi aiki. Sai ya ce, "Kina kusa da wuta?" In ce ina zuwa. In ɗauki wayar in ajiye ta kan taga a bayana, in zauna gaban kurfoti in ba ta baya. Layin yakan yanke, wani lokaci tun bai kai wurin hutawa ba. In ya yanke ba na tashi. Nakan ci gaba da tuƙi, in jira ko zai sake kira.